Kuɗin Ƴar Siririya

Na naɗe ta a tsohon zanen gado,
na ɗauko ta daga Birni har maƙerar Zango,
ina tafe ina kare ta da jikina
kamar wanda aka ba ajiyar asiri.

Kalla maƙeri bai tashi ba.
Ya saki zugazugi, ya miƙo hannu biyu.
"Ta Gonda ce," in ji shi,
tun ban kwance ƙullin ba.
"Na gane ta da tsawo."

Ya kai ƙaramin yatsa bakinta, yatsa ya ƙi shiga.
"Ka gani? Ƴar siririya.
Ba ta gyadon daji ba ce, ba ta burga ba ce.
Albarushi cikin cokalin shayi ya ishe ta,
dalma kamar ƙwayar gujiya.
Ubanka ya so ta don ba ta da ci.
Zabo ɗaya, harbi ɗaya,
nama bai dagargaje ba."

Na ce: nawa?

Bai ji ba, ko ya ƙi ji.
Ya juya ƙotar, icen ƙirya,
ya bi tsagar da farce
har inda aka ɗaure ta da jan ƙarfe.
"Wannan ɗaurin nawa ne, shekarar da ƙosai ya kai dala.
Tsaga tana rage jika biyu.
Ɗaurina yana maido ɗaya."

Ya ɗana kunama, ya saurara
kamar mai sauraron tarin yaro da dare.
Ƙas.
"Da sauranta.
Ƙanƙarar ta cinye, wannan ba komai ba ne.
Tsatsar waje ƙazanta ce, mai yana wanke ta.
Tsatsar ciki ita ce mutuwa."

Na ce: Baba Kalla, ɗakin Inna ya zuba a damina,
kwano uku nake nema da azara.
Nawa?

"Ɗan kasuwa zai ce maka takwas, ya rantse.
Mai sayen kayan da don rataye a bango
zai ba ka talatin, ya kashe ta da man ƙyalli.
Gaskiyarta sha biyar.
Akwai wani manomi a hanyar Mirya,
birai sun hana shi barci."

Sai ya zare sandar ɗuri,
ya zura ta a hankali don ya ji cikin.
Ta tafi, ta tafi,
ta tsaya.
Yatsa uku suka rage a waje.

Maƙera ta yi tsit.
Har yaron da ke fasa gawayi ya ɗaga kai.

"Da ciki ka ɗauko ta, ɗan Gonda.
Ka ratsa gari da ita a ɗure."

Ya juya bakinta ga bango,
ya tsiyaya mata ruwa,
ya sa ƙugiya ya yi ta lallashi.
Tsumma ya fito tukun,
shuɗi, mai ɗigon fari:
na san zanen, Inna ta daina ɗaura shi ina ɗan makaranta.
Sannan dalma ta faɗo a tafinsa,
baƙin gari ya biyo, jiƙaƙƙe.

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba.
Wace safiya ce ya ɗura ta?
Me ya gani, ya ɗaga,
ya sauke?
Ko idon ne ya gaza,
ko tsuntsuwar na tare da ƴaƴanta,
ko kiran salla ne ya riga shi?
Ya dawo ya jingine ta bayan randa,
bai gaya wa kowa ba.

Na karɓi sha biyar ran kasuwar Dole.
An rufe ɗakin Inna kafin ruwan gaba.

Dalmar tana aljihuna.
Kalla ya ce ba ta kai dala ba,
ya ƙi sa ta a ciniki.